Kunya Ɗaya

Kunya ɗaya ce tsakanina da Barmo,
kunyar gyaɗa, daga gindin ɗorawa zuwa bakin rafi.
Na ce gadon kakana ce,
ya ce ubansa ne ya ja ta da garma.
Damina biyu muka share a kanta,
ba ina kwana, ba sannu da rana.

Majami'armu ta bayan Gani
ba ta da faɗin da mutum zai ɓuya.
Benci shida, rufin kwano mai yoyo,
tsohon ƙarfen taya a reshen darbejiya, shi ne ƙararrawa.
In ya zauna gabas, ni sai yamma.
In ya ɗauko waƙa da muryar nan tasa ta bijimi,
sai in maƙale tawa a maƙogwaro.

Ran Jibin Ubangiji aka kakkarya gurasar
da Rifkatu ta gasa tun da asuba.
Zoɓo ja a kofin silba ya zaga,
daga hannunsa ya faɗo nawa.
Na juya bakin kofin,
na sha ta inda bai sha ba.
Na runtse ido na ce, "Ya Uba,"
addu'ar ta tashi ta tsaya a rufi
kamar hayaƙin ɗanyen itace
a ɗakin da ba taga.

Tsakiyar damina amalanke ta kife da ni
a gangaren hanyar kasuwa.
Mai ɗori ya ce kwana arba'in a tabarma.
Ina kwance ruwa na zuba,
daga nan nake jin harƙiya na shaƙe mini dawa.
Da dare na kai ƙara:
Kai ka ce ba za ka yashe ni ba,
to ina kake?
Shiru. Sai kwaɗi.

Ran Asabar, gari bai gama wayewa ba,
Kyauta ta faɗo ɗaki tana haki:
"Baba, gonarmu ta cika da mutane!"
Aka ɗora ni a amalanken da ta kayar da ni.

Fartanya goma sha tara na ƙirga.
Matan zumunta da ƙoren fura a ka,
zanensu iri ɗaya, waƙarsu na bin saran ƙasa.
Fasto Ayuba ya naɗe wando har gwiwa,
noman nasa sai a hankali.
Har Malam Sale maƙwabcina,
da ba ma haɗuwa ran Lahadi,
ya zo da samarinsa biyu.

Can ƙarshe, gindin ɗorawa,
mutum ɗaya duƙe, shi kaɗai.
Na san wannan ƙeyar.
Ya nome kunyar tas,
yana jawo mata ƙasa ta gefena.

Kunya ta kama ni a kan kunya.

Na kira shi, muryata na rawa.
Ya taho yana share gumi da hula.
Ya ce, "Nomau, ciyawa ba ta san iyaka ba.
In ta gama da taka, tawa za ta shiga."
Na nemi magana na rasa.
Kyauta ta miƙa masa ludayi,
ya kurɓa, ya miƙo mini.
Ban juya bakin ludayin ba.

A daren nan da na ce, "Ya Uba,"
ban ji ta daki rufi ba.
Ashe amsar da nake jira daga sama
ta ƙasa ta biyo, da laka a ƙafa,
da kanta a tafin hannu.

Da kaka kunyar ta ba da kwano bakwai.
Muka kasa raba ta, muka kai baiko,
aka sayi falle ɗaya aka toshe yoyon.

Har yau ina ɗingishi in hadari ya haɗo.
Har yau Barmo na ɓata waƙa,
yana shiga kafin kowa, yana fita bayan kowa.
Benci na uku, gefen taga,
nan muke zama,
littafin waƙa ɗaya a tsakaninmu,
shi ya riƙe dama, ni hagu.